Jar fitilar birki ta ƙi mutuwa a tsohuwar motata Hiace, me zan duba?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da makanikai. Don Allah a taimaka min da shawara. Ina da tsohuwar Hiace ƙirar 1998, mai shan gas, injin 3L. Da ita nake ɗauko buhuna daga Dawanau in sauke wa masu shaguna a cikin gari. Yau kwana biyar ke nan jar fitilar birkin nan, mai alamar motsin rai a cikin da'ira, ta kama ta ƙi mutuwa. Da can in na murɗa makulli takan kama tare da sauran, injin na tashi sai ta ɗauke. Yanzu kuwa ko tafiya nake tana nan jawur. Hambirki a sauke yake har ƙarshe. Na buɗe ƙofar direba na leƙa robar man birki da ke gefen dashbod, man yana kan layin sama. Birki kuma yana kamawa. Wani yaro a garejin unguwarmu ya ce in bari ya zare ƙwan kawai, wai tsufa ne. Ni dai raina bai kwanta ba.

Na Kurna: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, motar da ta girmi wasu daga cikinmu ai dole ta riƙa surutai. Tawa shekara biyu ke nan na manna wa wurin baƙin salatif, kuma ga ni da raina. In dai kana takawa tana tsayawa, ka ci gaba da neman abincinka.

Baba Direba: Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mutum na ɗauke da buhunan masara a bayansa, ga 'yan adaidaita sahu a gabansa kamar fara, ka ce ya rufe ido? Maigadi ya yi ihu cikin dare sai ka toshe masa baki ka koma barci?

Na Kurna: Baba, Allah ya huci zuciyarka. Amma ai akwai maigadin da kyanwa ma yake yi wa ihu.

Oga Rewaya: To shi ya sa ake fitowa a duba, a ga kyanwa ce ko ɓarawo. Baban Ummi, kafin komai amsa min wannan: ita kaɗai ce take ci, ko har da fitilar batir?

Baban Ummi: Ita kaɗai ce Oga. Ta batir tana mutuwa da zarar injin ya tashi.

Oga Rewaya: Madalla, mun cire abu ɗaya. Dalilin tambayar, a tsofaffin Toyota da yawa an haɗa fitilar birki da layin caji, don ta kama lokacin da ka murɗa makulli ka tabbatar ƙwan bai ƙone ba. Saboda haka in altaneta, na'urar da ke cajin batir, ta daina caji, sai ka ga ta batir da ta birki sun kama tare, mutum ya yi ta kashe kuɗi a kan birki alhali ciwon yana wajen caji. Tunda ta batir na mutuwa, ba nan ba ne.

Yadda fitilar take aiki ba wani abin wahala ba ne. Wuta tana zuwa ƙwan kullum in makulli na kunne, abin da take jira kawai hanyar komawa jikin bodi. Akwai 'yan suwic da kowannensu zai iya ba ta wannan hanyar. Na farko yana gindin hambirki. Na biyu yana cikin robar man birki: wani ɗan abu ne mai iyo a kan man, da maganaɗisu a jikinsa, in man ya yi ƙasa ya sauka sai ya haɗa layin. Wani lokaci datti kan riƙe shi a ƙasa ko da man ya cika. Abin da za ka yi, ka tayar da injin, ka sauke hambirki, ka sa wa taya dutse, sai ka zare soket ɗin da ke jikin robar man. In fitilar ta mutu, mun kama ɓarawo. In ba ta mutu ba, ka mayar, ka je ka zare wayar suwic ɗin hambirki. Ɗaya bayan ɗaya fa, kada ka zare duka lokaci guda ka rasa wanne ne.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ku masu rewaya komai a wurinku waya ne. Mutum ko ciwon ciki ya kawo muku sai kun ce a duba fiyus. Baban Ummi, ni tambayata daban ce. Ka ce man yana kan layin sama. Wa ya cika shi? Kai ne ko yaron motarka? Na sha ganin mota mai gidan yana rantsuwa man bai taɓa raguwa ba, ashe yaro ne kullum da asuba yake ɗura mata kafin oga ya fito, shi a ganinsa ƙoƙari yake yi. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Hanya biyu ce take sa ya sauka: ko fad, wato takalmin birkin gaba, ya cinye, fistin ɗin kalifa mai matse shi ya fito waje man ya bi shi, ko kuma yana zuba a wani wuri. Ka sunkuya ka leƙa cikin tayoyin baya. In ka ga jiƙa a ƙasan diram ko a jikin tayar ta ciki, robar silindar baya ce ta tafi. Ka kuma ɗaga ledar ƙasa wajen ƙafarka ka shafa sama da feda, domin a Hiace masta, wato silindar da feda ke turawa ta aika mai zuwa tayoyi, tana nan cikin gida ne, in ta fara yoyo wani lokaci nan take jiƙawa.

Oga Rewaya: Malam, ai ban ce kada ya duba mai ba. Gwajina minti biyu ne, ba jak ba sifana. Naka sai ya kwanta a ƙasa cikin wannan ranar.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Gara ya kwanta a ƙasa da kansa da a kwantar da shi.

Baban Ummi: Allah ya kiyaye. Na tambayi yaron, ya rantse bai taɓa robar ba, ya ce bai ma san inda take ba, kuma na yarda da shi don ko ruwan lagireto sai na tsaya a kansa. Na leƙa tayoyin huɗu, a bushe suke, ƙura ce kawai. Oga Rewaya, na zare soket ɗin robar mai, fitila tana nan. Na mayar na zare na hambirki, tana nan daram.

Na Kurna: Ba na faɗa ba? Waya ce ta goge a wani lungu ta taɓa bodi. Salatif dai, Baban Ummi. Naira nawa ne?

Oga Rewaya: Zai iya yiwuwa waya ce, ban musa ba. Tsofaffin motocin nan an sha yi musu ɗori, wannan ya sa rediyo, wancan ya ja layin fanka, ɓera ma ya yi nasa aikin, balle motar da ke kwana da warin hatsi. Amma kafin a fara kwance dashbod, akwai abin da ke min yawo a kai. Bari in gama da wata mota a nan in dawo.

Maman Walid: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda maganar ta zo. Ina da Sienna da ake kai min yara makaranta da ita. Ita tata fitilar ba kullum take ci ba. Sai an sha kwana a shataletale ko an taka birki da ƙarfi ta ɗan haska ta ɗauke. Direban ya ce ba komai. Gaskiya ne?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hajiya, taki ta fi sauƙin ganewa. Man ne ya sauka ya kusa layin ƙasa. In motar ta karkata, man ya tuɗe gefe guda, abin da ke iyo ya nutse, fitila ta haska, in ta daidaita ta ɗauke. Amma don Allah kada direba ya saya ya ɗura kawai ya ce an gama. A cire tayoyin gaba a ga kaurin fad. Galibi za a tarar ya kusa cinyewa. In aka sa sabo aka tura fistin ya koma, man zai hau da kansa, wanda kuma ya riga ya cika robar sai ya tumbatso, kuma man birki yana cin fenti. In fad yana da sauran nama amma man ya sauka, to yoyo ne, kada motar ta sake ɗaukar yara sai an gano wurin.

Maman Walid: Na gode ƙwarai Malam. Gobe Asabar ba makaranta, da kaina zan raka shi. Wane mai ya kamata a saya in ana buƙata?

Ɗan Wudil: Hajiya, ki duba murfin robar, a rubuce yake. Yawancin waɗannan motocin DOT 3 ne, DOT 4 ma yana shiga, iri ɗaya ne asalinsu. Wanda ba a gauraya su da shi shi ne DOT 5, shi na silikon ne. Kuma a sayi wanda ke rufe da hatiminsa, ba wanda aka buɗe aka ajiye wata da watanni ba, saboda man yana shan laimar iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin layi, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Shi ya sa ake cewa a juye shi gaba ɗaya kamar duk shekara biyu.

Na Kurna: Injiniya ya iso da lissafi. Mu a tasha mun ga wanda ya kaɗa ruwan omo ya zuba, ya je Katsina ya dawo.

Baba Direba: Ya je ya dawo don kwanansa bai ƙare ba. Hanyar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce. Ka ce ya gwada gangaren Hawan Kibo da kaya, inda za ka riƙe birki har ka ji ƙaurinsa. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, wannan ko ni da ban yi boko mai nisa ba na sani. Ni na yi shekaru ina bin hanyar Jos zuwa Akwanga, abin da ya cece mu shi ne sauka da babbar giya, wato giyar ƙasa mai nauyi, tun daga sama, injin ya riƙe motar, birki ya huta. Sannan ruwan omon nan yana sa tsatsa a cikin silinda, wata biyu robobin sun yage.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wanda ya fi ba ni haushi ma mai zuba man giya ko baƙin mai. Wannan kumbura robobin yake yi tun daga masta har silindar baya. In aka kawo min irin wannan, ba maganar canza abu ɗaya, duk wata roba da man ya taɓa sai an fitar da ita, a wanke layin. Mutum ya guje wa kuɗin kwalba ɗaya ya biya na kit biyar.

Admin: Jama'a a dawo kan matsalar Baban Ummi. Maganar omo a buɗe mata nata zauren.

Oga Rewaya: Na dawo. Baban Ummi, ka ce motar mai shan gas ce ko? Ni na yi sakaci, na karanta na wuce. A masu shan gas akwai suwic na uku da masu fetur ba su da shi. Kafin in yi bayani, faɗa min tsakaninka da Allah: birkin nan yadda yake wata ɗaya da ya wuce haka yake yau? Ba kamawa nake tambaya ba. Ƙarfin da kake sa wa ƙafarka.

Baban Ummi: To Oga, tunda ka tambaya haka. Takun farko lafiya lau. Amma in na shiga cunkoson Kurna zuwa Ƙofar Ruwa, inda za ka taka ka saki ka taka ka saki, a na uku ko na huɗu sai in ji fedar ta yi tauri kamar na taka dutse, sai na danna da ƙarfi. Shekaranjiya saura kaɗan in sumbaci bayan wata adaidaita a wajen Bachirawa. Na ɗauka nauyin kaya ne, buhu goma sha biyar na ɗauko ranar, ko kuma ƙafata ce ta gaji.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Innalillahi. Ai da wannan ya kamata ka fara! Ka ce mana birki yana kamawa, muka bazama neman yoyo da waya. Bakum ne babu.

Baban Ummi: Ku yi haƙuri, wallahi ban haɗa su a raina ba. Mene ne bakum ɗin kuma?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Bayan masta akwai wani baƙin abu mai faɗi kamar an kifa kwano biyu, busta. Shi yake ƙara wa ƙafarka ƙarfi. Yana aiki ne da zuƙa: ana zuƙe iskar da ke cikinsa, in ka taka feda iskar waje ta shigo ta gefe guda ta tura tare da kai. Injin fetur shi da kansa yake samar da wannan zuƙar ta manifol, bututun da iska ke bi ta shiga injin. Injin gas ba ya yi, don haka aka sa masa ɗan famfo. A injinan 2L da 3L da 5L famfon yana manne a bayan altaneta, bel ɗaya ke juya su, baƙin mai na injin ne ke shiga yana shafa shi. Daga nan layi ya taso tun daga ƙarƙashin kujera har gaba wajen feda, wani wurin ƙarfe wani wurin roba. In zuƙar ta yi rauni, akwai suwic da ke kunna wannan jar fitilar. Wato fitilarka gaskiya take faɗa tun kwana biyar.

Oga Rewaya: Abin da nake shirin faɗa ke nan ya riga ni. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Amma a tabbatar tukuna, domin shi ma suwic ɗin yakan lalace. Gwaji biyu, ba ka buƙatar kowa. Na ɗaya: injin a kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai, ka tayar da injin. In busta na samun zuƙa, za ka ji fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka nan take. Na biyu: ka bar injin ya yi minti biyu, ka kashe, ka ɗan jira, sai ka taka. Takun farko ya kamata ya zo da laushi, na biyu da na uku su riƙa ƙara tauri. In tun na farko dutse ne, zuƙar tana gudu ta wani wuri.

Baban Ummi: Na gwada yanzu a ƙofar gida. A na ɗaya ta nutse amma a hankali, sai da na ɗan ba ta wuta. A na biyu kuwa tun takun farko tauri.

Na Kurna: To fa. Ni dai tawa fetur ce.

Baba Direba: Fetur ce, sai aka ce maka ba ta da man birki? Je ka ɓare salatif ɗin nan ka ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Ɗan Wudil: Abin da ya sa takun farko yake yi masa daidai a kan hanya, in yana gudu injin na juyawa da sauri, famfon yana rinjayar yoyon ya tara 'yar zuƙa. A cunkoso kuwa injin yana silo, famfon yana juyawa a hankali, ga yoyo, ga shi yana takawa a jere. Kowane taku yana cinye abin da aka tara, kafin a mayar ya sake takawa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Haka ne. Baban Ummi, yanzu kada wani ya ce maka a sayo busta ko altaneta ta gwanjo tun ba a duba ba, don na san halin 'yan uwana, babban abu suke fara kira. A bi daga mai araha. A ɗaga kujera, injin na aiki, a saurari ko akwai huci. A bi tiyon daga bakin famfo, a lanƙwasa kowace roba a hannu, tsohuwar roba takan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, musamman kusa da injin inda zafi da mai suke dafa ta. A zare tiyon a bakin famfo a sa babban yatsa: lafiyayyen famfo zai kama yatsan da ƙarfi. In ya kama a can amma a bakin busta babu ƙarfi, yoyon yana tsakani. Akwai kuma ɗan bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya, a hura shi ta kowane gefe, gefe ɗaya kawai ya kamata ya wuce. A duba bel ma ko ya saki. In duk waɗannan lafiya, sannan a zargi busta. Kuma kada ka yi lodi gobe. Ka kai ta gareji ba kaya, da sassafe kafin hanya ta cika, ka bar tazara mai yawa. Birkin bai mutu ba, taimakon ne babu, in ta kama ka danna da iya ƙarfinka kada ka yi ta famfo da ƙafa.

Baban Ummi: Akwai buhu ashirin na wani Alhaji da na yi alkawarin saukewa a Singa gobe da safe. Ba zan iya lallaɓawa in kai ba, in ya so daga can in wuce gareji?

Baba Direba: Ɗana, ka kira Alhajin ka ba shi haƙuri, ko ka haɗa shi da wani ɗan uwanka direba ku raba ladan. Buhu ashirin na masara tan biyu ne fa. Ita motar ma ba a yi ta don wannan ba ko da birkinta lafiya, amma wannan faɗan wata rana ne.

Baban Ummi: Na ji Baba. Na ba wa maƙwabcina lodin.

Maman Walid: Ni ma na dawo da rahoto. An cire tayoyin gaba, fad ɗin gefen direba saura kamar kaurin kwali, ɗayan gefen kuma da sauransa sosai. An canza duka biyun, man ya hau da kansa kamar yadda Malam ya ce.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hajiya, tunda gefe ɗaya ya fi cinyewa, a sake buɗe wannan kalifar. Ko fil ɗin da take zamewa a kai ya bushe, ko fistin yana maƙalewa. In ba a gyara ba sabon ma haka zai cinye, kuma motar za ta riƙa ja gefe.

Baban Ummi: Alhamdu lillahi jama'a, an gano. Wata 'yar guntuwar roba ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, inda tiyon famfo ya haɗu da fayif ɗin ƙarfe a ƙarƙashin kujera. Ta sama lafiya lau, da aka juya ta sai ga tsaga kamar bakin kifi, ta jiƙe da baƙin mai ta yi laushi. Yatsa a bakin famfo kuwa har sai da ya bar min shaida. An sa sabuwa da kilif biyu. Ina tayar da injin, daƙiƙa kaɗan fitilar ta ɗauke. Na biyo ta Kurna da gangan da yamma, na taka ya fi sau goma a jere, fedar laushi kamar ba ita ba. Sai yanzu na gane ashe na daɗe ina fama, ba kwana biyar ba ne, a hankali taurin ya riƙa shigowa har ƙafata ta saba. Yaron da ya ce a zare ƙwai shi ya riƙe mana fitilar waya muna aiki, bai ce uffan ba.

Oga Rewaya: Barka. A rubuta cewa mai rewaya ne ya tuno da bakum.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: A kuma rubuta cewa roba ce, ba waya ba. Baban Ummi, tunda ka ce ta jiƙe da baƙin mai, ka sa ido a wurin. Ka goge shi tas, bayan mako ka sake ɗaga kujera. In ya sake jiƙewa, tiyon mai na famfon ne ko silinsa yake tsattsafa, shi ma a gyara kafin ya cinye sabuwar.

Na Kurna: Oga Rewaya, na ɓare salatif ɗin. Tawa ba ta ci ma gaba ɗaya, ko na murɗa makulli, ko na ja hambirki. Wannan kuma mene ne?

Oga Rewaya: Ƙwan ne ya gaji da jiranka ya ƙone. Kawo ta gobe bayan azahar, kuma kafin ka taso ka leƙa robar man.